Sauro: A Ina Ya Kamata a Tare Shi?

Sauron da ya hana ka barci jiya da dare, kwana goma da suka wuce ba shi da ko fiffike. Tsutsa ne a cikin ruwa, tsawonsa bai kai na farcen ƙaramin yatsa ba, ba ya cizo, ba ya tashi, kuma ba shi da ikon barin wurin da uwarsa ta saka shi. Da a ranar wani ya kifar da ruwan nan a busasshiyar ƙasa, da shi da 'yan'uwansa fiye da ɗari sun mutu nan take, ba tare da an sayi komai ba. Amma abin da yawancinmu muka saba shi ne mu jira sai ya yi fiffike, ya watsu, ya shigo ɗaki yana kuka a kunne, sannan mu miƙe da gwangwanin feshi muna bin sa lungu-lungu. Mun ƙyale shi lokacin da yake ɗaure wuri guda, mun tare shi lokacin da ya fi wuyar kamu.

Kuma ba ƙaramin abu muke wa wannan sakaci ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai mutum miliyan 263 ne suka kamu da zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, kimanin dubu 597 suka rasu. Kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka suke, mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ban sa zazzaɓin dengi a wannan lissafi ba, wanda a 2024 aka samu rahoton ya kama mutum fiye da miliyan 14. Ban sa zazzaɓin shawara ba, ban sa tundurmi ba.

Kuskuren da ake fara yi shi ne ɗaukar sauro a matsayin abu guda. Nau'insa ya haura 3,500 a duniya, da yawa daga ciki ba ruwansu da mutum. Gida uku ne suka dame mu, kowane gida da halinsa, har ta kai dabarar da ke maganin wannan tana iya zama ɓata lokaci a kan wancan. Abu biyu kawai suka haɗa su. Ta macen ce ke cizo, domin sai da jini ƙwanta ke nuna, namijin kuwa ruwan fure ya ishe shi. Sannan dukkansu a ruwa suke fara rayuwa.

Akwai Kuleks, mai launin ƙasa-ƙasa, mai yawan kuka cikin dare. Ƙazamin ruwa yake so: kwatar da ta toshe, ramin masai mai ruwa, sokawen da murfinsa ya fashe. A birane da yawa shi ne mafi rinjayen abin da ke cizon mutane da daddare. Yana yaɗa tundurmi a wasu yankuna, amma ba ya ɗaukar maleriyar ɗan Adam. Akwai Edis, ɗan baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma liƙis, ya fi son ƙafa da idon sawu. Shi mazubi yake nema: tsohuwar taya, gwangwani, duro marar murfi, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure, indararon da ganye ya toshe. Dengi, shawara, zika da cikungunya duk aikinsa ne. Na ukun shi ne Anofilis, mai maleriya. Daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir yake aiki, ba shi da hayaniya sosai, kuma idan ya sauka a bango za ka ga ya ɗaga bayansa sama kamar an kafa tsinke a karkace. Nau'o'insa da suka fi ɓarna a Afirka sun fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa: sawun tayar mota, sawun kofato, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gefen tafki, gonar da aka yi wa ban ruwa.

To ka ga inda aka rabu. Wanda ya yashe kwata ya yi aiki mai kyau, zai samu barci, amma bai taɓa maleriya can sosai ba. Wanda ya kwana a gidan sauro ya tsare kansa daga Anofilis, amma Edis na jiran sa da safe a bakin ƙofa. Kuma mutum na iya kwana inda bai ji kukan sauro ko ɗaya ba, bayan kwana goma sha ya kwanta da zazzaɓi. Yawan kuka ba shi ne ma'aunin haɗari ba.

Mu koma ruwan. Ta macen tana saka ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a zubi guda, bayan kwana biyu ko uku ta sake shan jini ta sake zubawa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsar ta saɓe fata sau huɗu, ta dunƙule ta zama wani abu mai kama da waƙafi wanda ba ya cin komai, bayan kamar kwana biyu fatar ta tsage sauro ya fito. A yanayin zafi, duk wannan kwana bakwai zuwa goma ne. Daga nan ƙa'idar mako-mako ta samo asali: duk ruwan da aka zubar ko aka sauya sau ɗaya a mako ba zai taɓa fitar da sauro mai fiffike ba. Ba a bukatar yin abin kullum. Ana bukatar kada a tsallake mako.

Sai dai akwai wata dabarar Edis da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ita ce ke mayar da aikinsu baya. Shi ba a kan ruwa yake saka ƙwai ba, a jikin mazubin yake manna shi, kaɗan sama da inda ruwa ya tsaya. Ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni da ransa. Ka zubar da ruwan duro ka sake cikawa, ruwan ya taɓa ƙwan, shi ke nan ka ƙyanƙyashe shi da hannunka. Don haka zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an sa soso ko buroshi an dirje cikin mazubin. Haka taya da ta kwana rani a bayan ɗaki, ruwan farko na damina na sauka za ta cika da tsutsa, alhali ba a ga sauro ya zo wurin ba. Wani abin lura kuma, Edis ba mai dogon zango ba ne, yawanci rayuwarsa ba ta wuce 'yan mitoci ɗari kaɗan daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Idan yana cizon ka a gida, to mahaifarsa tana gidanka ko gidan maƙwabci.

Ruwan da ba za a iya zubarwa ba, irin na tanki da duro, murfi ne maganinsa, murfin da ya zauna daram, ko raga mai ƙananan idanu da aka ɗaure bakin da ita. A duba har bututun da ke fitar da ruwa idan tanki ya cika, domin ta nan ma yana shiga. Wanda ba ya rufuwa, a yi masa hanya ya wuce ko a cike ramin. Idan duk ba su yiwu ba, nan ne ake zuwa ga kashe tsutsar a cikin ruwan. Mafi aminci a wannan fage shi ne Bti, wata ƙwayar bakteriya ta ƙasa da aka gano a 1976. Tsutsar sauro ta ci, gubar ta fasa mata hanji, ta mutu cikin kwana guda, amma kifi da dabba da mutum ba ta yi musu komai. Rauninta shi ne ba ta daɗewa, a buɗaɗɗen ruwa sai an riƙa maimaitawa kusan duk mako.

Tsutsar sauro a ruwa take zaune amma iskar sama take shaƙa, shi ya sa za ka ga tana yawan tasowa saman ruwa. Duk abin da ya shiga tsakaninta da iska ya gama da ita. Wannan ne ya sa mai ke kashe ta, kuma shi ya sa wasu ke tuttula baƙin mai a kwata. Yana kashewa, ban musa ba. Amma baƙin mai cike yake da guba, yana bin ƙasa ya gangara rijiya da rafi, ya kashe kifi da ƙwarin ruwa da ke cin tsutsar sauron tun asali. Ban ga hikimar a yi maganin matsalar mako guda da ɓarnar da za ta shekara a ƙasa ba. A Zanzibar an gwada wata hanya mai sauƙi a ramukan masai: aka zuba ƙananan ƙwallayen soson roba masu yawo a saman ruwa, suka rufe fuskar ruwan ruf, ta macen ta rasa wurin saka ƙwai, tsutsar ta rasa iska, yawan Kuleks ya faɗi warwas. Kifi ma yana taimakawa a rijiyoyi da tafkunan ado, sai dai gara a nemi ƙananan kifayen yankin. Gambusiya, kifin da aka yi ta rarrabawa duniya saboda sauro, ya zama annoba ga kifaye da kwaɗin wurare da yawa.

Wanda yake ganin wannan aikin ruwa ƙaramin abu ne, ya waiwayi tarihi. A 1900 tawagar likitan sojan Amurka Walter Reed ta tabbatar da abin da likitan Kuba Carlos Finlay ya faɗa tun 1881, cewa sauro ne ke yaɗa shawara. Shekara ɗaya bayan haka wani likitan sojan Amurka, William Gorgas, ya bi birnin Habana na Kuba gida-gida, ana rufe durorin ruwa, ana kwashe tarkace, ana killace marasa lafiya a bayan raga, kafin ƙarshen 1901 cutar da ta shekara fiye da ɗari a birnin ta ɗauke. Shi ne kuma aka kai Panama a 1904, inda Faransawa suka yi asarar ma'aikata wajen dubu 22 a ƙoƙarinsu na haƙa mashigin ruwa, akasari saboda shawara da maleriya. Zuwa 1906 shawara ta ƙare a wurin aikin, a 1914 aka buɗe mashigin. Labarin Birazil ya fi ba ni mamaki. A 1930 aka ga sauron maleriyar Afirka a garin Natal, ya bazu, a 1938 ya haddasa annobar da ta kashe dubban mutane. Wani likita ɗan Amurka, Fred Soper, ya ɗebi dubban ma'aikata, kowa aka yanka masa yankinsa, kowane kududdufi aka sa shi a taswira, kuma kowane ma'aikaci akwai mai bin sawunsa ya duba ko ya yi aikin. Zuwa ƙarshen 1940 an rasa sauron a ƙasar. Duk wannan kafin a fara amfani da maganin ƙwarin nan DDT.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: wannan hanya tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe tsutsa yana amfani a yaƙin maleriya ne inda wuraren ƙyanƙyasar ba su da yawa, ba sa sauya wuri, kuma ana iya gano su. A birni, ko a busasshen yanki, ko da rani, sharuɗɗan sukan cika. A karkara tsakiyar damina kuwa, inda kowane sawun saniya ya zama mahaifa, yau ya bushe gobe wani ya buɗe, babu rundunar da za ta iya bi. A nan dole a sauya wurin tarewa.

Kuma a nan ne akwai wani lissafi da nake ganin duk wanda ya fahimce shi ba zai sake kallon gidan sauro da ido ɗaya ba. Ba a haifar sauro da maleriya. Sai ta ciji mai cutar, sannan ƙwayar ta yi kwana goma zuwa sha huɗu tana girma a cikinta kafin ta iso yawunta. Kafin wannan lokaci, ko ta cije ka ba za ta ba ka komai ba. Rayuwar sauro a daji kuwa gajeriya ce, mafi yawansu suna mutuwa kafin ƙwayar ta nuna. Wato tsohuwar sauro ce kaɗai ke kisa. Ɗauki misali, don a ga yadda abin ke tafiya. A ce sauro 100 sun sha jinin mai cuta yau, kuma kullum ɗaya cikin goma ke mutuwa. Bayan kwana 12, kimanin 28 za su rage, duk masu haɗari. Idan aka yi abin da ya sa biyu cikin goma ke mutuwa kullum, 7 ne za su rage. Idan uku ne cikin goma, da ƙyar 1 za ta kai. Ƙara mutuwar yau da kullum kaɗan, ka ga yadda masu ɗauke da cutar suka zube. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya ranar 20 ga Agusta 1897, tuni ya nuna ba sai an kashe kowane sauro ba, a dai rage shi ƙasa da wani mizani cutar za ta mutu da kanta. George Macdonald ne ya zo a shekarun 1950 ya nuna cewa rage tsawon ran ta macen ya fi rage yawanta tasiri nesa ba kusa ba.

Gidan sauro mai magani a kan wannan lissafi aka gina shi. Mutane suna ɗaukar sa katanga ce kawai, alhali tarko ne, kuma mai barcin shi ne abin da ke jan ta. Numfashinka da ɗumin jikinka da warin fatarka su kira ta, ta zo ta sauka a ragar tana neman ƙofa, maganin ya shiga ta ƙafafunta. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ta nemi jini, saboda haka kafin ƙwayar cutar ta nuna a cikinta sai ta yi wannan kasada sau huɗu ko biyar. Idan yawancin gidajen unguwa suna da shi, wuya ne ta tsallake duka. Shi ya sa gidan sauronka ke kare maƙwabcin da ba shi da shi, kuma rashin nasa ke rage amfanin naka. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta.

Masu cewa yana da zafi ko yana sa ƙaiƙayin fuska ba ƙarya suke ba, kuma bai dace a yi musu faɗa ba. Sabon gidan sauro, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara shiga, yawancin ƙaiƙayin zai tafi. A rataye shi da tsayi yadda iska za ta zaga, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko shimfiɗa, kada hannu ko gwiwa su jingina da ragar. Wanki kuma sai ya yi datti sosai, da sabulu marar ƙarfi, ba dirza, a shanya a inuwa domin rana na cinye maganin. An yi shi ne ya jure wanki kusan 20 ko shekara 3. Huda kuwa, ko ta kai girman ɗan yatsa, a ɗinke ta ranar da aka gan ta, domin sauro zai kwana yana laluben ragar har ya same ta.

Matsalar da ta taso ita ce, shekaru da yawa dangin magani ɗaya tak ake sa wa a gidajen sauro, wato firetiroid, kuma irinsa ake fesawa a gonaki da ɗakuna. Duk sauron da Allah ya yi shi da ɗan juriya sai ya tsira ya haihu, 'ya'yansa su gaji juriyar, har aka wayi gari a yawancin ƙasashen maleriya maganin ba ya kashe shi kamar da. Wannan ne ya sa aka fito da gidajen sauro masu haɗin abu biyu. Wani an ƙara masa sinadarin PBO, mai toshe hanyar da jikin sauron ke bi ya narkar da guba. Wani kuma an haɗa masa kulofenafir, wanda ke kashewa ta wata hanya dabam, ta hana jikin sauron samar da kuzari, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita shi inda juriya ta yi ƙarfi. Ko tsohon samfuri ne a hannunka, kada ka ajiye shi. Ragar da ba ta huje ba tana nan a matsayin katanga.

Feshin bango shi ne ɗan'uwan gidan sauro, kuma ya sha bamban da feshin gwangwani. Bayan ta macen ta sha jini nauyinta kan ninka, ba ta iya tafiya mai nisa, sai ta nemi bango ko rufi ta lafe. Idan ƙwararrun ma'aikata sun fesa wa bangon maganin da ke zama wata uku zuwa shida, nan za ta gamu da ajalinta. Ka lura, wanda ta riga ta ciza bai tsira ba, na gaba ne ya tsira. Saboda haka aikin gari ne, sai an fesa mafi yawan gidaje, takwas cikin goma ko fiye, kafin a ga amfani, kuma wanda ya shafe bangon da fenti bayan feshi ya rushe aikin. Da wannan hanya da DDT aka ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga duniya a 1955. Ya yi nasara a kudancin Turai da wasu wurare, amma a 1969 aka haƙura da burin. Siri Lanka ta ishe mu darasi: a 1963 mutum 17 kacal aka samu da cutar a ƙasar, aka sassauta feshi, zuwa 1969 adadin ya haura rabin miliyan. Sai 2016 ƙasar ta samu shaidar rabuwa da maleriya.

Motar da ke zagaya titi tana tuttula farin hayaƙi fa? Tana faranta ran jama'a domin ana ganin aiki da ido. Amma sauron da hayaƙin ya tarar a sarari kaɗai yake kashewa, na cikin ɗaki da na cikin ruwa suna nan, bayan kwana kaɗan an koma gidan jiya. Yana da gurbi lokacin ɓarkewar dengi, don a rage masu ɗauke da cutar cikin gaggawa. Ga maleriya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawararsa ba.

Abin da nake ganin an fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ginin ɗakin kansa. Tun wajen 1900 wani likita, Angelo Celli, ya sa wa gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa raga a yankunan maleriya na Italiya, masu ragar suka tsira, maƙwabtansu suka ci gaba da kwanciya. Sauron maleriyar Afirka yana da wata ɗabi'a: idan ya bi warin mutum ya ci karo da bango, sama yake yi, ya shiga ta ratar da ke tsakanin bango da rufi. Mutum zai kulle ƙofa da taga, ya bar babbar ƙofar a buɗe a saman kansa. Wani gwaji a Gambiya da aka wallafa a 2009 ya nuna sa raga a gidaje ya rage shigar sauron da kusan rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu a yaran gidajen. Raga ba ta bukatar a tuna da ita kowane dare, tana kare kowa a ɗakin tun kafin a kwanta, kuma sauro ba ya koyon jure mata.

Sauran abubuwan da muka fi kashe wa kuɗi, taimako ne na ɗan lokaci. Feshin gwangwani yana kashe wanda ke ɗakin a wannan sa'a. A rufe ɗakin, a fesa har ƙarƙashin gado da bayan labule, kowa ya fita, bayan kamar rabin awa a bari iska ta shiga ta tagar da ke da raga. In babu raga, waɗanda ke waje za su maye gurbi kafin tsakar dare. Maganin kunnawa mai hayaƙi yana rage cizo, amma wani bincike na 2003 ya gano ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa tana iya kai ta taba sigari 75 zuwa 137. A waje ko baranda ya dace, ba a rufaffen ɗakin da jariri ko mai asma ke kwance ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ɗauko maganin ƙwarin gona ko na rumbun hatsi su zuba a ɗakin kwana. Waɗannan an yi su ne don fili ko don wurin da ba mai numfashi a ciki, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya. Kada a yi, ko sauron ya kai yaya.

Na shafawa a fata kuwa, a duba abin da ke ciki, ba sunan kwalba ba. DEET, wanda ake sayar wa jama'a tun 1957, da fikaridin, da IR3535, su ne aka tabbatar suna aiki na awanni. Su ne abin dogaro da rana saboda Edis, da kuma farkon dare lokacin da ake zaune a waje, wanda shi ne giɓin da gidan sauro ya bari. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, shi raga za a lulluɓa wa shimfiɗarsa. Mai juna biyu ta fi kowa bukatar kulawa, domin an auna an ga sauron maleriya na zuwa mata kusan ninki biyu na sauran mata, ga shi cutar ta fi yi mata illa ita da abin da ke cikinta. Fanka ma tana aiki fiye da yadda ake zato, domin sauro ba shi da ƙarfin tashi a iska, kuma tana tarwatsa numfashin da yake bi.

Akwai kuma waɗanda asarar kuɗi ce zalla. Na'urar da ake cewa tana korar sauro da sauti, da manhajar waya mai wannan iƙirari, an gwada su sau da yawa ba su hana cizo ba. Fitilar nan mai shuɗin haske da ke babbake ƙwari, masu bincike a jami'ar Delaware ta Amurka sun ƙirga gawa 13,789 da ta kashe, 31 ne kawai masu cizo, sauran ƙwari ne marasa laifi. Shan bitamin B ba ya sauya komai. Sare ciyawa yana rage wa sauro maɓoyar rana, amma ba a ciyawa yake haihuwa ba.

A 'yan shekarun nan an fara juya sauron ya yaƙi kansa. Wolbakiya wata bakteriya ce da ke cikin ƙwari da yawa, idan aka sa ta a jikin Edis tana hana ƙwayar dengi girma, kuma uwa tana gadar da ita ga 'ya'yanta. A birnin Yogyakarta na Indunusiya, unguwannin da aka saki irin wannan sauro sun ga dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100. Akwai masu sakin mazan da aka mayar juya, ta macen ta sadu da su ƙwanta ya ƙi ƙyanƙyashewa. Akwai kuma sauya ƙwayar halitta yadda canjin zai bi zuriya duka. A 2018, a wani ɗakin gwaji a Landan, wannan ya ƙarar da sauron maleriya da ke cikin keji a zuriya 7 zuwa 11. Abin da aka saki a daji ba ya dawowa keji, don haka ina tare da masu cewa a bi a hankali, kuma a nemi yardar mutanen da za a saki abin a ƙasarsu.

Shi ma sauron bai tsaya wuri ɗaya ba. A 2012 aka ga wani baƙon Anofilis a Jibuti, mai suna Sitifensi, ɗan asalin kudancin Asiya da yankin Larabawa. A shekarar mutum 27 kawai aka samu da maleriya a ƙasar, tana dab da rabuwa da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura dubu 70. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a Nijeriya a 2020, a Kenya da Gana a 2022. Wannan ya rushe rabon da na yi a farko, domin maleriya yake ɗauka amma halin Edis gare shi. Birni yake so, a tankin ruwa da duro da tafkin siminti na wurin gini yake haihuwa, don haka rani bai dame shi ba, kamar yadda aka gani a Dire Dawa a 2022 inda cutar ta ɓarke ba digon ruwan sama. Yana jure yawancin magungunan feshi, kuma yakan lafe a turken dabbobi maimakon bangon ɗakin kwana, inda feshin bango ba ya iske shi. A biranen Indiya da suka daɗe da saninsa, irin su Mumbai, doka ce ta wajabta wa mai gini ya yi wa tankinsa murfin da sauro ba zai iya shiga ba, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne hawa rufin gidaje suna dubawa.